Sanƙarau a Jikin Yara: Kada a Jira Wuya ya Sanƙare

(Jawabin da wani likitan yara ya yi wa ɗalibai a zauren taro na ƙungiya, a farkon hunturu.)



Sa'ad da wakilan ƙungiyarku suka same ni da takardar gayyata, sun bar mini zaɓi in yi magana a kan duk abin da na ga ya dace game da lafiya. Na zaɓi sanƙarau, musamman yadda yake kama yara ƙanana. Na kuwa sani a cikinku akwai mai cewa a ransa, mu da muke karatun shari'a da tarihi da aikin injiniya, ina ruwanmu da sha'anin likita? To, ga inda ruwanku yake. Kowane ɗayanku in ya koma gida hutu shi ne ɗan boko na gidan, shi ake miƙa wa takarda ya karanta, shi ake tambaya ma'anar abin da aka ji a rediyo. Ran da ɗan yayanka ya kwanta da zazzaɓi tsakar dare, ni ina nesa, kai za a buga wa ƙofa a ce, "Malam, zo ka ga yaron nan." Abin da ka faɗa a wannan dare, ko "a bari gari ya waye" ko kuwa "a tashi yanzu," yana iya zama shi ne tsakanin yaron da kabari. Saboda wannan dare na zo.

Bari mu fara da sunan cutar, domin tun daga nan matsalar ta soma. Kakanninmu sun ga mutum ya kwanta, wuyansa ya sanƙare, kansa ya koma baya, bayansa ya gantsare kamar baka, sai suka ce sanƙarau. Sun iya raɗa suna, babu shakka. Amma sunan nan ya koya wa iyaye cewa muddin wuya yana lanƙwasuwa, to, ba sanƙarau ba ne, wannan kuwa kuskure ne da ya ci rayukan yara masu yawa. Sanƙarewar wuya alama ce da ake gani ga babba da yaron da ya tasa. Jariri, da yaron da bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, sau da yawa cutar takan yi nisa a jikinsa alhali kuwa wuyansa yana juyawa lafiya lau. In ma ya sanƙare daga baya, an riga an yi asarar sa'o'in da suka fi kowaɗanne amfani.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa da laka, watau babbar jijiyar nan da ta bi ta cikin ƙashin baya, suna naɗe ne cikin wani tantani mai hawa uku. A tsakanin hawa na biyu da na uku akwai wani ruwa da ke zagayawa, garau yake kamar ruwan sama da aka tara a kwano mai tsabta. Sanƙarau shi ne kumburin wannan tantani sa'ad da ƙwayar cuta ta sami hanyar shiga ruwan, galibi ta hanyar jini. Ƙwayoyin sukan hayayyafa da sauri, jiki ya turo mayaƙansa, ruwan ya gurɓace ya koma kamar wanda aka wanke shinkafa da shi, wani lokaci ma ya zama mugunya sosai. Ƙoƙon kai kuwa akwati ne rufaffe, ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Daga nan ne ciwon kai da amai da jijjiga da gushewar hankali suke tasowa. Jijiyar ji ita ma ta wannan wuri ta ratsa, ku riƙe wannan, zan komo kansa a ƙarshe.

Ƙwayoyin da ke kawo cutar iri-iri ne. Akwai na bairos, wanda galibi yakan zo da sauƙi ya wuce. Akwai na bakteriya, shi ne mai kisa, shi ne kuma abin da muke magana a kansa. Ga yaron da ya wuce watanni biyu ko uku da haihuwa, ƙwayoyi uku ne manyan masu laifi: meningokokus, mai haddasa annoba, niyumokokus, wanda kuma shi ke kawo ciwon huhu, ya kuwa fi sauran kisa da barin naƙasa, ya fi kuma addabar yara masu sikila, sai na uku da ake kira Hib. Jariri sabon haihuwa nasa dabam ne, sau da yawa daga jikin uwa yake samun ƙwayar wajen haihuwa. Ƙwayar tarin fuka ma takan hau ƙwaƙwalwar yaro, sai dai ita a hankali take tafiya, mako biyu ko uku yaro yana ramewa yana yawan barci. Babu likitan da zai dubi yaro da ido kawai ya rantse cewa nasa na bairos ne, balle kai da ke gida. Saboda haka duka ana ɗaukarsu da zafi har sai gwaji ya nuna.

Wani abin mamaki game da meningokokus shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da shi a maƙogwaro ba su sani ba, kuma ba ya yi musu kome. A cikin kowane mutum 100 akan sami 5 zuwa 10 a haka, a lokacin annoba ma fiye. A cikin zauren nan, in da za a duba, da wuya a rasa. Yana bi ta tari da atishawa da yawu, da kwana ɗaki ɗaya a cunkushe, kuma daga shigarsa zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki kwana 2 zuwa 10. To, me ya sa yakan zauna shiru duk damina, sa'an nan ya tashi da rani? Masana sun fi karkata ga cewa busasshiyar iskar hunturu da ƙura suna tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Ga sanyi ya sa an rufe tagogi an cunkusu, ga mura ta yi yawa. Cutar takan soma daga Disamba, ta yi ƙamari cikin Maris da Afrilu sa'ad da bazara ta yi tsanani, da ruwan fari ya sauka kuwa sai ta lafa kamar an kashe wuta. Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin likitoci su rubuta shi.

Mu a nan muna tsakiyar yankin da cutar ta fi ƙarfi a duniya. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya zana iyakarsa a 1963: ɗamara ce da ta tashi daga Senegal ta ratsa Mali da Barkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi da Sudan har Habasha, yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinta. An rubuta labarin annobar a arewacin Nijeriya tun 1905, daga nan kuwa ta riƙa komowa bayan 'yan shekaru. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi muni ita ce ta 1996. A wannan shekara mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya kaɗai, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. Ku tambayi iyayenku na Kano da Katsina da Bauci da Sakkwato, za su ba ku labari.

Yanzu alamomi. Yaron da ya kai shekara biyu zuwa sama nasa ya fi sauƙin ganewa. Zazzaɓi ne mai zafi yakan faɗo masa farat ɗaya, da ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba, da amai. Yakan ƙi haske, ya juya fuska bango, ya ce a rufe ƙofa. In kana son gwada wuya, kwantar da shi rigingine ba matashi, ka sa tafin hannunka a ƙeyarsa ka ɗaga a hankali don haɓarsa ta taɓa ƙirji. Mai lafiya zai yi ba wuya. Mai sanƙarau zai yi ƙara, wuyan ya ƙi, wani lokaci ka ga gwiwoyinsa sun naɗe da kansu. Amma abin da ya fi wuya muhimmanci shi ne hankalinsa. Yaron da jiya yake guje-guje, yau ana tashinsa yana komawa barci, ko yana sambatu, ko bai gane uwarsa ba, ko ya yi jijjiga, wannan ba ya bukatar wani gwaji a gida, asibiti yake bukata.

Jariri shi ne mai wuyar sha'ani, domin ba shi da bakin da zai ce kansa ke ciwo. A nan sai ku saurari uwa. In uwa ta ce, "Yaron nan ba haka yake ba," to, ku yarda da ita, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abu na farko da takan lura shi ne ya ƙi kama nono, ko ya kama ya saki ba ƙarfi. Kukansa yakan canja, ya zama siriri mai tsini, ko kuwa nishi kawai. Jariri mai ƙoshin lafiya in yana kuka aka ɗauke shi yakan yi shiru, amma wannan ɗaukar ce ke ƙara masa kuka, ya fi son a bar shi kwance, domin motsi yana taɓa tantanin da ya kumbura. Jikinsa yakan saki laƙwas, ko ya riƙa ƙanƙamewa. Idonsa yakan kafe wuri ɗaya. Jijjigar jariri ma ba lalle ta zama irin ta babba ba, tana iya zama ƙifta ido kawai, ko motsa baki kamar mai tsotso, ko karkarwar hannu ɗaya. Zazzaɓi kuwa, ku ji da kyau, yana iya rasawa gaba ɗaya: jaririn 'yan kwanaki jikinsa yakan yi sanyi ne maimakon zafi. Shi ya sa ƙa'idarmu ita ce, duk jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti a ranar, ba a ba shi magani a gida.

Sai maɗiga. Iyayenmu mata sun san maɗiga sarai, sun san in ta faɗa ciki, wanda galibi alamar ƙarewar ruwan jiki ce daga zawo da amai. Abin da ba a faye lura da shi ba shi ne kishiyar haka. A sanƙarau maɗiga takan kumburo ta yi tauri, saboda ita kaɗai ce ƙofar da ba a rufe ba a akwatin nan da na ambata. A duba ta sa'ad da yaro ya yi shiru kuma an zaunar da shi tsaye, domin kuka da kwanciya kan sa ta ɗan taso ko ga mai lafiya. In ta kumbura, alama ce mai ƙarfi. In ba ta kumbura ba, wannan bai wanke yaro ba.

Akwai kuma wata fuska ta cutar wadda ta fi kowacce sauri, watau sa'ad da meningokokus ya bazu cikin jini. Yaro yakan yi kukan ciwon ƙafafu, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi, numfashi ya yi sauri, sa'an nan wasu ɗigo-ɗigo ja ko baƙi-baƙi su fito kamar an tsira allura, su riƙa haɗuwa suna faɗi. Jini ne ke tsiyaya ƙarƙashin fata. Littattafan da aka rubuta a Turai sun cika kwatanta shi a farar fata, a tamu kuwa ba ya fitowa sosai. Ku duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin fatar ido ta ƙasa, da ganɗa. Ku sami tambulan ku danna a kan tabon ku leƙa ta cikinsa: ƙurjin zafi da makamantansa sukan dushe in an danna, wannan ba ya dushewa. Yaron da aka ga haka a jikinsa yana iya rasuwa cikin kwana ɗaya. Ko ƙarfe nawa ne, a ɗauke shi.

Babban abin da ke ɓatar da mu a ƙasar nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mun saba da shi har duk zazzaɓi ya zama shi. Gaskiya ne kuma in ya hau kai yana kawo jijjiga da suma daidai da sanƙarau, mu kanmu likitoci ba ma rarrabe su da ido. Har ila yau, yaro yana iya ɗauke da ƙwayar cizon sauro a jininsa, gwajin ɗan yatsa ya nuna ta, alhali abin da ke neman ransa sanƙarau ne. Ku ƙara da wannan: zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina da kaka, to, yaron da ya faɗi da zazzaɓi da jijjiga cikin Maris, ana tsakiyar ƙura da zafi, ya kamata a yi masa wani tunani.

Ina da wata yarinya da ba na mantawa, tun ina sabon likita. Watanninta takwas. Ran Talata ta ƙi nono, aka je kemis aka karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol da wani ruwan magani na kashe ƙwayoyin cuta. Zafin jiki ya ɗan sauka, hankalin gida ya kwanta. Ran Laraba da dare ta yi jijjiga. Uwar ta so fita, amma maigidan ya yi tafiya cin kasuwa, ba a same shi ba, kakar yarinya kuma ta ce ai wuya bai sanƙare ba, a yi hayaƙi a ga safiya. Ran Alhamis da la'asar suka iso gare mu. Ta rayu, mun yi murna, muka sallame su. Bayan shekara biyu uwar ta komo da ita tana cewa yarinya ta ƙi magana. Na tafa hannu a bayan kanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Laifin jinkiri na gida ne, amma rashin gwada jinta kafin sallama nawa ne, ban kuwa sake yin wannan sakaci ba.

A cikin labarin nan akwai abu biyu da ke hannunku. Na farko shi ne izini da kuɗin mota. Mata da yawa a garuruwanmu ba sa fita sai da yardar maigida, wannan kuwa ba sai an yi gardama a kansa ba kafin a gyara abin da ke kashe yara. Ku zauna da yayyenku da ƙannenku masu iyali ku ce su ba da izini tun yau, a gaban uwarsu da kowa, cewa duk ran da yaro ya ƙi nono ko ya yi jijjiga a fita da shi ko suna nan ko ba sa nan, su kuma ajiye abin hawa mota a hannun matar. Ku ma'aikata da kuka soma karɓar albashi, ga inda kuɗinku zai yi amfani. Na biyu shi ne maganin kemis. Ɗan abin da ake sha ta baki ba ya isa ruwan ƙwaƙwalwa yadda zai kashe cutar, sai dai ya rufe alamunta, ya kuma sa in mun ɗebi ruwan mun shuka a ɗakin gwaji ƙwayar ta ƙi fitowa. In an riga an ba yaro, a zo da kwalbar mu gani, ba wanda zai yi faɗa.

In yaro yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a kwance masa tufafi, a kawar da abin da zai buge shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a yi masa ɗura, domin abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Hayaƙi yana ƙara toshe numfashi, tsaga da ƙaho da sakiya a ƙeya suna ƙara ciwo a kan ciwo. Wanda yake son yi wa yaro addu'a da tofi, babu mai hana shi, ya shiga motar ya yi a hanya.

To, an iso asibiti. Abin da iyaye suka fi tsoro shi ne ɗibar ruwan baya. Na sha jin ana cewa allurar nan ce ke kashe yara ko ta gurgunta su. Dalilin wannan zato a fili yake: yaran da aka kawo a makare su ake yi wa, in sun rasu sai a ɗora wa allura. Ga gaskiyar abin. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, takan tsaya a sama da kwankwaso, allurar kuwa ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne kawai da 'yan zaruruwan jijiya da ke kaucewa. Abin da ake ɗiba bai fi cikin ƙaramin cokali ko biyu ba, jikin babba kuwa yana yin kusan rabin lita na wannan ruwa kullum. Tun 1891 ake wannan aiki. Da shi ne muke sanin ko sanƙarau ne, wace ƙwaya ce, wane magani zai ci ta, kwana nawa za a yi, kuma da shi hukuma ke gane annoba ta taso a wata gunduma har ta san irin rigakafin da za ta aika. Akwai lokacin da likita da kansa zai jinkirta shi, in yaro ya yi nisa a suma ko jininsa ya faɗi. Abin da ba a jinkirtawa shi ne magani: ƙa'ida ita ce allurar farko ta shiga cikin sa'a guda da isowa, ko an ɗebi ruwa ko ba a ɗiba ba.

Maganin da aka fi dogara da shi yau sunansa seftiriyazon, allura ce ta jijiya ko ta tsoka. Jarirai sababbin haihuwa akan haɗa musu wasu dabam, musamman masu shawara. Ƙasar Hausa tana da hannu a tarihin wannan magani, ya kamata ku sani. A Zariya, cikin shekarun 1970, Brian Greenwood da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai tana warkar da sanƙarau na annoba, abin da ya ceci dubban mutane a ƙauyukan da ba likita. A 2003 kuma aka yi gwaji a Jamhuriyar Nijar wanda ya nuna seftiriyazon bai gaza shi ba. Yau a lokacin annobar meningokokus kwana 5 ake yi ana allura, niyumokokus yakan ci kwana 10 zuwa 14, na jarirai har mako uku. A nan ne kuma ake samun wata asarar: kwana uku yaro ya buɗe ido ya karɓi nono, sai uba ya ce a ba shi ɗansa, kuɗi sun ƙare. Ciwon da aka bari rabi yakan komo, ya kuwa fi na farko wuyar magani. In ba a yi magani sam ba, meningokokus yana kashe kusan rabin waɗanda ya kwantar. Ko da magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 6 masu sanƙarau na bakteriya 1 yakan rasu, cikin 5 kuma 1 yakan tashi da naƙasa.

Ba zan tsallake wani abu ba, domin na san yana ran wasunku. A annobar 1996, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har 2009 sa'ad da ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ban kuwa ga laifin mutanenmu da suka tsorata ba. Amma abin da ya dace a ɗauka daga wannan shi ne tambaya. Hakkinku ne ku tambayi sunan maganin da ake yi wa ɗanku, da dalilinsa, kuma ba mai ikon sa yaro cikin wani gwaji sai da bayani da yardar iyayensa. Ku da kuka iya karatu, ku tsaya kusa da gadon ku yi tambayar. Gudun asibiti kuwa yaron ne ke biyan kuɗinsa.

Mutanen gidan da aka sami meningokokus su ma a faɗa wa ma'aikatan lafiya game da su, domin akwai ƙwayar magani da ake ba waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da majinyaci don ta share ƙwayar daga maƙogwaro. Ku masu kwana takwas a ɗakin da aka gina don mutum huɗu, da ƙannenku na makarantun kwana da na allo, wannan ya shafe ku kai tsaye: ku buɗe tagogi ko da sanyi, kada kuma ku rufa wa abokin ɗaki asiri in ya kwanta da ciwon kai da amai.

Game da rigakafi an yi nisa ƙwarai. Meningokokus gida-gida ne, ana kiransu da haruffa. Gidan A shi ne ya yi ɓarnar 1996. A Disamba 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Barkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi a 2011. A Indiya aka yi ta, kuɗinta bai kai rabin dala ba, ta kuwa kusa shafe gidan A daga yankin nan gaba ɗaya. Sai dai sauran gidajen suna nan. Gidan C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya addabi Yamai a 2015, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya taso daga Zamfara ya kama fiye da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai tare gida biyar, A da C da W da X da Y. Ban da wannan, alluran da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 suna ɗauke da rigakafin Hib da niyumokokus, allurar BCG ta ranar haihuwa kuma tana rage sanƙarau na tarin fuka. In kun je gida ku ce a ɗauko muku katin kowane yaro ku duba. Sai dai ku riƙe cewa babu allurar da ta tare dukan ƙwayoyin, saboda haka yaro mai cikakken kati ma in ya nuna alamun da na lissafa, asibiti za a kai shi.

Na yi alkawarin komowa kan jijiyar ji. Kurumta ita ce naƙasar da sanƙarau ya fi bari, tana kuma ɓoyuwa, domin jariri ba ya cewa ya daina ji, iyaye kuwa murnar tashinsa takan rufe musu ido. Duk yaron da ya warke a gwada jinsa kafin a sallame shi, in bai yiwu ba to cikin mako huɗu, domin can cikin kunne yakan soma ƙanƙarewa ya zama ƙashi bayan ciwon, in ya rufe kuwa taimakon da za a iya yi ya ragu ƙwarai. In ba a ambata muku gwajin ba, ku ku tambaya. A gida kuma a ci gaba da lura har shekara guda ko fiye: yana waiwayowa in an kira shi daga baya? Kansa yana girma fiye da kima? Yana jijjiga ba tare da zazzaɓi ba? Wani gefen jikinsa ya raunana? Wanda ya isa makaranta, a gaya wa malaminsa abin da ya same shi, a zaunar da shi a sahun gaba, kada a riƙa dukansa ana cewa ya zama daƙiƙi ko mai taurin kai alhali ji ne ba ya yi sosai. Wanda ya kurumce gaba ɗaya akwai makarantun kurame a jihohinmu, gara a kai shi da wuri tun bai wuce shekarun koyon harshe ba.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na tsaya nan, in akwai masu tambaya bismilla.